Abin da Ido Ya Gani da Abin da Zuciya Ta Riƙe

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Tun ana gobe kasuwa ake koro shanu da raƙuma da tumaki daga Dungas da sauran ƙasar Damagaram, wasu kuma daga rugagen da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, kafin manyan motoci su kwashe su zuwa Kano da biranen kudu. A cikin wannan ƙura da hayaniya akwai wani abin mamaki da sabo ya sa ba a kula da shi. Sami dillalin da ya yi furfura a kara, ka tambaye shi labarin wani sa da aka sayar mako uku da suka wuce. Zai gaya maka Bunaji ne ko Rahaji, yadda ƙahonsa na hagu ya karkata, shekarunsa bisa ga haƙoransa, wanda ya kawo shi, nawa aka fara tayawa, sau nawa mai shi ya ce albarka, nawa aka sallama, har da gardamar da aka yi a kan la'ada. Ka kawo mai digiri daga Dutse ya wuni tare da shi a wurin. In ka tambaye shi da magariba, iyakar abin da zai iya cewa shi ne shanu sun yi yawa, rana ta yi zafi.

Mun saba cewa wane Allah ya ba shi kai. Ba a musun baiwa, amma ba ita ta raba waɗannan mutum biyu ba. Karanta wa dillalin nan sunayen magungunan asibiti guda goma ka ce ya maimaita, sai ka ga ya zama kamar kowa. Abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ya shigo da shi kasuwar a cikin kansa. Dillali yana da gurbin launi, da gurbin ƙaho, da gurbin farashin wannan wata, duk a shirye tun shekara da shekaru. Sabon sa yana zuwa sai kowane bayani ya faɗa mazauninsa. Baƙo ba shi da gurbi ko ɗaya, don haka abin da ya gani bai sami inda zai zauna ba.

Wani malamin Jami'ar Kambirij a Ingila, Frederic Bartlett, ya kawo irin wannan a littafinsa kan tuni da ya fito a 1932. An yi ta gaya masa cewa mutanen Suwazi, a kudancin Afirka, suna da riƙo na ban mamaki. Da aka gwada wani yaro da isar da saƙo, bai fi yaron Ingila ba. Amma da aka tambayi wani makiyayi shanun da ubangidansa ya saya shekara guda kafin nan, sai ya jero su da launinsu da masu su da kuɗinsu, aka duba takarda aka tarar kuskurensa kaɗan ne ƙwarai. A 1973 William Chase da Herbert Simon a Amurka suka gwada haka da ces, darar Turawa. Ana nuna wa mutum allon wasa na daƙiƙa 5, a rufe, a ce ya mayar da 'ya'yan inda suke. Idan allon na wasa ne na gaske, gwani yakan tsere wa ɗan koyo fintinkau. Idan kuwa an watsa 'ya'yan ne barkatai, fifikon nasa kusan ɓacewa yake yi. Gwani ba 'ya'ya ɗai-ɗai yake gani ba, tsari yake gani wanda ya riga ya sani.

Mu da muka tashi a ƙasar tsangayu muna da hujjar da ta fi wannan kusa. Ƙasar Gumel ta daɗe tana kallon gabas, tun tana ƙarƙashin inuwar Borno, kuma tafiya gabas neman karatun Alƙur'ani al'ada ce da aka gada. Gwanin da zai zauna ya rubuta izu sittin da ka, ba da maimaici kaɗai ya kai nan ba. Yana da harji, ya san kalma kaza sau nawa ta zo, a ina ta zo da wasali kaza, a ina ta sauya. Wannan sanin shi ke sa sabuwar hadda ta yi masa sauƙi fiye da yadda take yi wa kolo. Sai dai masu bincike da suka auna mahaddata a wasu ƙasashe sun gano abin da ya kamata iyaye su sani. Daniel Wagner a Maroko, da Sylvia Scribner da Michael Cole a tsakanin mutanen Vai na Laberiya, sun tarar karatun allo yana ƙarfafa irin riƙon da aka horar da shi, wato ƙara kalma bisa kalma a jere, amma ba ya mayar da mutum gwanin tuna komai da komai. Riƙo yana bin fagen da aka yi masa hidima.

Zuwa nan labarin mai daɗi ne. Amma wannan sanin da ke taimakon mutum ya riƙe, shi ne kuma yake cike masa giɓi ba tare da ya nemi izininsa ba.

Bartlett ya ba ɗalibansa wata tatsuniya ta asalin mutanen arewacin Amurka, mai fatalwowi da yaƙi da al'adun da Bature bai sani ba, ya sa su riƙa maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Kullum labarin sai ya ƙara gajarta, ya kuma ƙara zama na Ingila. Kwale-kwale ya koma jirgin ruwa irin nasu, farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, abin da bai yi musu ma'ana ba ko dai ya faɗi, ko a ƙirƙiro masa dalili. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Kowa ya ɗauka abin da ya karanta yake faɗa. A 1981 William Brewer da James Treyens suka zaunar da ɗalibai 30, ɗaya bayan ɗaya, a wani ofis na daƙiƙa 35, sannan suka tambaye su abin da ke ciki. Tara daga cikinsu suka ce sun ga littattafai, alhali ba ko ɗaya a ɗakin. Ofishin malami ai da littafi aka san shi, sai ƙwaƙwalwa ta ajiye shi a kan kanta.

Alarammomi sun san wannan tarko sarai. Inda mahaddaci ya fi zamewa ba a baƙuwar aya ba ne, a ayoyi masu kama da juna ne, inda harshe kan ɗauko ƙarshen wata ya liƙa wa wata saboda ya saba da shi. Shi ya sa ba a barin gardi da kansa. Akwai musaffa, akwai mai saurare yana gyara. Haka ma dillalinmu. Idan ya manta ainihin kuɗin da aka sallama, kansa ba ya barin wurin fayau. Yakan ɗauko abin da irin wannan sa ya saba yi a irin wannan lokaci ya cike gurbin, kuma shi kansa ba zai iya bambance wanda ya tuna da wanda ya ƙiyasta ba. Galibi ƙiyasin yana faɗawa kusa, shi ya sa ba a ganewa. Ranar da ya kauce kuwa, sai ka ga dattawa biyu masu mutunci suna rantse-rantse a kan naira dubu hamsin, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya ci amana.

Tuni kamar katangar ƙasa yake, wadda ake yi wa yaɓe bayan kowace damina. Katangar tana nan a inda take, amma ƙasar da ke jikinta yau da yawa ba ita aka gina ta da ita ba. Binciken da Karim Nader da abokan aikinsa suka yi a kan ɓeraye a shekara ta 2000 ya nuna cewa idan aka taso da abin da aka riga aka ajiye, yakan yi laushi na ɗan lokaci kafin ya sake kamawa, kuma a wannan tsakanin ana iya taɓa shi. Wato labarin da ka fi yawan bayarwa a majalisa ba lalle ne shi ya fi tsira daga sauyi ba.

Sai batun zuciya, wanda ya fi wuyar karɓa, domin kowa yana ji a jikinsa cewa abin da ya girgiza shi ba zai taɓa mantawa da shi ba. Akwai gaskiya a ciki. Idan tsoro ko baƙin ciki ko murna mai tsanani ta kama mutum, jiki yakan saki sinadaran firgici, su kuma su zaburar da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda ke umartar ma'ajiyar tuni ta riƙe wannan abu da kyau. A 1994 Larry Cahill da James McGaugh da abokansu a Kalifoniya suka nuna wa mutane hotuna tare da labari, wasu mai tayar da hankali, wasu na yau da kullum. Waɗanda suka ji mai tayar da hankalin sun fi riƙe shi. Amma waɗanda aka ba wani maganin hawan jini da ke toshe aikin sinadaran nan kafin su ji labarin, wannan ƙarin riƙon bai samu gare su ba. Hikimar a fili take: wanda ya taɓa cin karo da maciji a wata kunya, gara ya tuna wurin.

Sai dai tsoro ba ya haska ko'ina, wuri ɗaya yake haskawa. Wanda 'yan fashi suka tare a hanya yakan iya siffanta bakin bindiga dalla-dalla, amma ya kasa faɗin ko mai riƙe da ita yana da gemu. Masu bincike sun auna wannan sau da yawa, sun ga idon mutum yana manne wa makami, fuskar mai makamin kuma ta sami ragowar hankali kawai. Daga baya, idan aka matsa masa da tambaya, giɓin fuskar nan zai cika, kuma da abin da ya riga ya yi imani da shi zai cika. In ya tashi yana jin cewa ɓarayin shanu 'yan ƙabila kaza ne, ko daga tsallaken iyaka suke, to fuskar da za ta fito masa za ta yi kama da haka. A nan ne sani da motsin zuciya suke haɗuwa su yi ɓarnar da ba wanda zai iya yi shi kaɗai. A gari irin Maigatari, inda Bahaushe da Bafillace da Bamange da Buzu suke cin kasuwa ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ihun "ɓarawo" guda ɗaya da nunin yatsa guda ɗaya sun isa su sa a rasa rai.

A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Da wuya ka sami ɗan Jigawa da ba zai gaya maka inda yake ba lokacin da labarin ya iso masa, da wanda ya kira shi, da abin da yake yi. Irin wannan tuni yakan zo da haske har mutum ya ji kamar jiya ne. To amma an gwada shi a wasu wurare. Washegarin ranar da kumbon Challenger ya tarwatse a Janairun 1986, Ulric Neisser ya sa ɗalibansa a Jami'ar Emory suka rubuta yadda suka ji labarin. Bayan kusan shekara uku aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da ko abu ɗaya na abin da suka rubuta da farko ba, kuma da yawansu suna da cikakken yaƙini. An nuna wa wasu rubutun hannunsu, suka amsa cewa nasu ne, amma tsohon tunin bai dawo musu ba. Jennifer Talarico da David Rubin sun maimaita gwajin da ɗalibai 54 washegarin harin 11 ga Satumba 2001. Suka tarar bayanan ranar harin suna zubewa daidai da yadda bayanan wata rana ta yau da kullum suke zubewa. Abin da bai ragu ba shi ne yaƙinin masu tunin.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya tsaya a kansa. Motsin zuciya yana ƙarfafa tsakiyar al'amari, yana kuma ƙarfafa jin cewa "na tabbata", amma ba ya tsare gefe-gefen. Uwar da ta rasa ɗa ba za ta manta ta rasa shi ba har abada. Amma ƙarfe nawa ne, wa ya fara shigowa, wa ya faɗi me, waɗannan suna iya sauyawa, hawayenta kuma ba sa rage ko ƙara musu inganci. Mu kuwa a zaman sulhu da gaban alƙali mun fi gaskata wanda ya fi rantsuwa da rawar murya.

Mai tambaya ma yana da hannu a ciki. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka "ragargaji juna" sun ƙiyasta sama da mil 40 a awa. Waɗanda aka ce wa sun "bugi juna" suka ce 34. Bayan mako guda aka tambayi wasu ko sun ga fasasshen gilashi, wanda babu shi a fim ɗin. Cikin 50 da aka yi wa tambaya mai zafi, 16 suka ce sun gani; cikin 50 na ɗaya ɓangaren, 7 ne kawai. Yanzu a ɗora wannan a kan abin da ke faruwa bayan kowace rigima tsakanin manomi da makiyayi a ƙauyukanmu. Kafin mai unguwa ya iso, shaidu sun zauna gindin bishiya ɗaya sun ba juna labari sau goma, an tura saƙon murya ta WhatsApp, wani ya ce "ai ɗan wane ne mai jar hula". Lokacin da za a tsaya gaban hukuma, mutum biyar suna faɗin abu ɗaya, a ɗauka shaida biyar ce, alhali ɗaya ce ta yaɗu.

A jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson da aka yi wa fyaɗe a 1984 ta nuna Ronald Cotton da cikakken yaƙini. Ya shafe sama da shekara goma a kurkuku kafin gwajin ƙwayar halitta ya wanke shi a 1995. Ba ƙarya ta yi ba. Ta yi iyakar ƙoƙarinta ta haddace fuskar wanda ya zalunce ta. Amma an nuna mata hotuna, an sake jera mata mutane, kowane zagaye fuskar Cotton tana ƙara zama a inda ta ainihin mai laifin take.

Abin da ke samun mutum ɗaya yana samun gari guda. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, a 1985 kuma aka kori baƙi masu ɗimbin yawa, ba a buɗe iyakokin ba sai a 1986. Wannan ya faɗo a kan farin da ya cinye amfanin gona a duk yankin Sahel. A ƙasar Hausa ta Nijar, yunwar wannan lokaci har yau da sunan El Buhari ake kiranta. A wannan gefen kuwa, tafiyar 'yan kilomita kaɗan, mutane da yawa abin da suka riƙe na waɗannan shekarun shi ne bin layi da tsoron cin hanci da horon 'yan kasuwa masu ɓoye kaya, kuma wannan tunin yana cikin abin da ya sa Jigawa ta zaɓe shi a 2015. Shekara ɗaya ce, mutum ɗaya ne, harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, har da auratayya. Kowane ɓangare ya riƙe abin da ya taɓa cikinsa ko ya faranta masa rai, kuma abin da kowa ya riƙe ya faru da gaske. A lura kuma da cewa rashin ruwan sama shi ne tushen yunwar, amma tuni ya fi son fuskar mutum a kan gajimaren da bai zo ba, domin fushi yana buƙatar wanda zai kama.

An sake rufe iyaka a Agustan 2019, Maigatari tana cikin huɗun farko da aka buɗe a Disambar 2020. Aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Yau in ka zauna da mutanen kasuwa za ka ji waɗannan rufe-rufen sun fara narkewa cikin juna, ana ɗaukar abin da ya faru a wannan ana kai shi wancan. Mai fataucin dabbobi yana tuna kara babu kowa. Manomin shinkafa a fadamar Haɗeja yana iya tuna shekarun da amfaninsa ya yi daraja. Nan da shekara talatin jikokinsu za su gaji labari biyu.

Jack Goody da Ian Watt sun kawo misali a 1963 daga Gwanja, ƙasar da kakanninmu fatake suka sani da goro. Farkon zuwan Turawa an rubuta cewa Jakpa, wanda ya kafa daular, yana da 'ya'ya bakwai, daidai da yankuna bakwai na ƙasar. Bayan kimanin shekara sittin, yankuna biyu sun shafe, da aka sake ɗaukar tarihin sai 'ya'yan suka zama biyar. Tarihin baka yana gyara jiya don ta dace da yau. Wannan bai sa ya zama abin yarwa ba. Yaƙe-yaƙen Gumel da Haɗeja a ƙarni na 19, da hare-haren Damagaram, da tasowar sarauta daga Tumbi, yawancin abin da muka sani a kansu ta bakin dattawa da mawaƙan fada ya iso. Abin da ya wajaba shi ne a ji na Gumel, a ji na Haɗeja, a ji na Damagaram, a san kowa daga inda yake tsaye yake kallo.

Haka nan zancen "da can". Dattijo a Gagarawa zai ba ka labarin zamanin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yake tsayawa a tasha ana lodin gyaɗa, kowa da rufin asiri. An yi hakan. Amma a cikin waɗannan shekarun ne aka yi farin 1972 zuwa 1974 da ya ƙarar da garkuna, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975. Bincike ya nuna abu biyu da ke aiki a nan. Mutum ya fi riƙe abin da ya same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa, lokacin ƙarfi da aure da farkon komai. Sannan ɗacin abin baƙin ciki ya fi saurin dusashewa a kan zaƙin abin farin ciki. Akwai na uku: halin da kake ciki yau shi ke zaɓo maka abin da za ka tuna. Mai jin haushin matarsa da safe, laifuffukanta na shekara goma ne za su yi ta zuwar masa, alherinta kuwa sai ya huce. Duk wanda ya taɓa zaman sasanta ma'aurata ya ga wannan, shi ya sa dattawa kan ce a bari a kwana tukuna.

Ba na so a fahimci cewa tuni banza ne. Da shi muke rayuwa, kuma a mafi yawan lokaci yana riƙe gundarin abu daidai. Masu nazarin shaida na baya-bayan nan ma sun nuna cewa bayanin farko, wanda aka ɗauka da wuri, kafin a gurɓata shi da tambaya mai jan hankali ko hirar wasu, yana da nauyi sosai. Abin da nake ƙi shi ne haɗa abu biyu da malamanmu suka raba tun fiye da shekara dubu. Malaman hadisi ba su wadatu da cewa mai ruwaya adali ne ba. Sai sun binciki kiyayewarsa daban. Mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah, a kuma ajiye ruwayarsa saboda riƙonsa ya yi rauni. Sun ware babi guda a kan waɗanda tuninsu ya rikice a ƙarshen rayuwa, suna bin diddigin wa ya ji daga gare su kafin rikicewar, wa ya ji bayanta. Abdullahi ɗan Lahi'a, alƙalin Masar, babban malami ne, amma bayan littattafansa sun ƙone sai malamai da yawa suka bambanta abin da aka ɗauka daga gare shi kafin gobarar da na bayanta. Ba su ce maƙaryaci ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba waɗanda ake tuhuma ba.

Duk da haka a kasuwanninmu ana ba da shanu da buhunan riɗi da zoɓo na miliyoyin naira bashi da fatar baki, wanda ya ce a rubuta kuma sai a ga kamar ya zargi abokin cinikinsa. Ana raba gonar gado a nuna iyaka da wata bishiya, bishiyar ta faɗi, dattawan da suka halarta su rasu, bayan shekara ashirin jikoki su tsaya kowa da iyakar da ubansa ya nuna masa. Zumunci da yawa a nan ya mutu, kuma a cikin masu rigimar sau da yawa babu azzalumi ko ɗaya. Takarda guda da sa hannun shaidu, ko hoton takardar a waya, ko saƙon murya da aka ɗauka a wurin cinikin kowa yana ji, sun isa su kashe wutar tun ba ta tashi ba.

Ga masu riƙe da jama'a kuma, dagaci da mai unguwa da sarkin kasuwa da ɗan sanda, yadda ake ɗaukar bayani ya kai bayanin kansa muhimmanci. A raba shaidu tun kafin su haɗa baki ba da niyya ba. A ɗauki maganarsu a ranar, a rubuta. A ce wa mutum, "Malam, gaya mana abin da ka gani," a bar shi ya kai aya, maimakon "Ba wane ka gani ba?" A tambaye shi wanne ya gani da idonsa, wanne aka gaya masa. A ba shi damar cewa "ban lura ba" ba tare da an ɗauke shi matsoraci ko mai rufa wa ɓarawo asiri ba. In za a nuna masa wanda ake zargi, kada a kawo mutum ɗaya a ɗaure a ce "shi ne?", a sa shi cikin wasu masu kama da shi, a kuma faɗa wa mai shaidar cewa mai yiwuwa wanda ake nema ba ya cikinsu. In bayaninsa na yau ya saɓa wa na makon jiya a ƙananan abubuwa, wannan kaɗai bai isa a kira shi maƙaryaci ba, kamar yadda rantsuwarsa kaɗai ba ta isa a ɗaure wani ba.

Malaman makaranta su ma abin ya shafe su. Yaron Sule Tankarkar da ya san awon tiya da mudu, ya san yadda ake raba ribar ɗan akuya tsakanin mai shi da mai kiwo, yana da gurabun lissafi a kansa tun kafin ya shiga aji. Idan aka fara masa daga nan, da harshen da yake tunani da shi, darasi zai sami wurin zama. Idan aka fara da baƙon misali cikin baƙon harshe ga kuma bulala a sama, abin da zai riƙe da kyau bayan shekara ashirin shi ne bulalar da fuskar mai riƙe da ita.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ba mantuwa ba ce, kasa mantawa ce: wanda ya tsira daga gobara ko haɗarin mota ko hannun masu garkuwa, abin yana dawo masa cikin barci da farke, warin fetur kaɗai ya sa jikinsa rawa. Wannan ba raunin imani ba ne, ma'ajiyar tsoro ce ta kama da ƙarfi fiye da kima, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyoyin magance shi. Irin wannan mutum ba a sa shi ya yi ta maimaita labarin ga duk wanda ya zo jaje. In abin ya wuce wata guda yana hana shi barci ko fita nema, a haɗa masa addu'a da zuwa asibiti.